Yadda ake zaɓen turare mai ƙamshin sabulu, a gwada shi, har a haɗa na kai

Tsabta ba ta da ƙamshi. Fatar da aka wanke da ruwa zalla, ko zanin da aka ɗauraye ba sabulu, kusan babu abin da hanci zai kama a jikinsu. Abin da muke shaƙa mu ce "wannan ƙamshin tsabta ne" ƙamshin sinadaran da kamfanonin sabulu da omo suka shafe fiye da shekara ɗari suna zubawa a kayansu ne, har ƙwaƙwalwa ta ɗaure su da wanka da wanki da guga. Wanda ya gane haka ya rage wa kansa rabin wahalar zaɓe, domin zai daina neman "turaren tsabta" a dunƙule, ya koma tambayar kansa wace irin tsabta yake so a ji a jikinsa.

Da farko, ka san abin da hancinka ke bi

Sabulu wuri ne mai wahalar zama ga ƙamshi. Yana da kaifin alkali, ma'auninsa na pH yakan kai 9 zuwa 10, kuma wannan kaifin yana lalata sinadarai da yawa ko ya sauya musu launi. Sinadarin banila, alal misali, yana mayar da farin sabulu ruwan ƙasa. Saboda haka masu haɗa ƙamshin sabulu suka riƙe 'yan sinadaran da ke jure wannan hali, masu araha, waɗanda kuma ruwa ba ya tafiya da su gaba ɗaya. Su ne yau muke jin su a kwalbar turare mu ce kamar an fito daga wanka. Kusan gida huɗu ne.

Gida na farko, kuma wanda ya fi kowanne kama da sandar sabulu, shi ne na aldihaid, wani rukunin sinadarai. A kwalaben masu haɗa turare za ka ga an rubuta C-10, C-11, C-12, lambar tana nuna yawan ƙwayoyin kabon da ke cikin kowanne. Idan ka shaƙi ɗaya shi kaɗai ba za ka so shi ba: maiƙo, kakin kyandir da aka hure yanzu, ɗan ƙarfe-ƙarfe, da ɓawon lemu a can ƙasa. Amma ɗigo kaɗan a cikin furanni sai ya ɗaga su, su yi haske, su yi wani irin ƙyalli a hanci. Chanel No. 5, wanda Ernest Beaux ya haɗa aka fitar a 1921, shi ya yi suna da wannan, ko da yake ba shi ya fara amfani da aldihaid ba. Bayansa masu sabulu suka yi ta kwaikwayon salon, har aka wayi gari mutane suna shaƙar turaren su ce yana ƙamshin sabulu, alhali sabulun ne ya aro daga turaren. White Linen na Estée Lauder, na 1978, shi ne misalin da ya fi fito da wannan gida sarari: fari, busasshe, kamar rigar da aka sa wa sitaci.

Gida na biyu farin almiski ne, wato almiskin da ake haɗawa a ɗakin gwaji. Almiskin asali daga jikin wata barewa ta duwatsun Asiya ake samo shi, kuma ƙamshinsa na dabba ne, mai nauyi, ba ruwansa da wanki. A 1888 wani masanin sinadarai, Albert Baur, yana aikin abubuwan fashewa dangin TNT, sai ya ci karo da sinadari mai ƙamshin almiski. Daga nan ƙofar ta buɗe. A shekarun 1960 kamfanin IFF ya fitar da Galaxolide, wanda ya shiga omo da ruwan tausasa tufafi a ko'ina, saboda ba ya narkewa sosai a ruwa, yana manne wa zare, yana nan ko bayan an ɗauraye an shanya. Ƙamshin da kake ji idan ka buɗe durowar tawul, mafi yawansa wannan gidan ne.

Na uku fararen furanni ne masu sanyi. Akwai furen lemun ɗaci, wanda ake tatsar man neroli daga gare shi, ginshiƙin ruwan Kolon tun wanda Johann Maria Farina ya fara sayarwa a birnin Kolon na Jamus a 1709. Akwai wani ɗan farin fure mai siffar ƙararrawa da Faransawa ke kira muguet, wanda ba a iya tatsar mansa, dole sai dai a gina ƙamshinsa da sinadarai. Diorissimo na 1956 shi ne zakaran wannan fure. Sai airis, da ake shanya saiwarsa shekaru kafin ta ba da ƙamshi mai kama da hoda. Infusion d'Iris na Prada, na 2007, ya nuna yadda airis da furen lemu ke haɗuwa su zama sabulu mai tsada.

Na huɗu shi ne na kumfar aski da sabulun maza: furen labanda, sinadarin kumarin mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, da wani sinadari mai kaifi da ake kira dihydromyrcenol, wanda ke cike da Cool Water na Davidoff, na 1988.

Yanzu sai ka tsaya ka tambayi kanka. In sandar sabulu sabuwa da aka ɓare daga takarda kake so, aldihaid kake nema. In zanin gado da aka kwaso daga igiya ne, farin almiski. In fatar da ta fito daga wanka a sanyaye ce, neroli. In na wanda ya taso daga kujerar aski ne, labanda. Mafi yawan masu cewa sun sayi turaren tsabta bai yi musu ba, gida suka ɓata, ba turaren ne ya lalace ba.

Karanta bayanin kwalba

Kalmomin da ke nuna hanya a jerin ƙamshin su ne aldehydes, white musk, neroli, orange blossom, muguet, iris, cotton, linen. Biyun ƙarshe sunan talla ne kawai, babu man auduga ko na lilin a ciki, almiski ne da ɗan fure aka raɗa wa suna. Idan ka ga banila da karamel da oud sun yi yawa a jerin, ko da an rubuta tsabta da manyan baƙaƙe a kwali, bayan awa biyu zaƙi ne zai rage.

Dubi ƙarfinsa kuma. Eau de cologne yakan ɗauki kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na man ƙamshi, eau de toilette kamar 5 zuwa 15, eau de parfum kamar 15 zuwa 20. A wannan salon ni na fi karkata ga mai sauƙin. Ƙamshin sabulu idan ya yi kauri ya daina zama na mutumin da ya yi wanka, ya koma na shagon da ake sayar da omo.

Gwaji, inda mafi yawan kuɗi ke salwanta

Ka je ba ka shafa komai ba, har man shafawa mai ƙamshi. Kada ka wuce turare uku ko huɗu a zama ɗaya, domin hanci yana gajiya, kuma aldihaid da almiski suna saurin gajiyar da shi.

Fara da takarda. Fesa sau ɗaya a siririyar takardar gwaji, rubuta sunan a gindinta, ka kaɗa ta kaɗan, ka jira kamar rabin minti sifirit ɗin ya tashi kafin ka kai hanci. Wanda ya shaƙa nan take sifirit ya shaƙa. Kada takardar ta taɓa hancinka, in ba haka ba duk abin da ka shaƙa bayanta zai ɗauki ƙamshinta. Kofin 'ya'yan kofi da ake ajiyewa a kan kanta don "wanke hanci" ƙarin wani ƙamshi ne kawai a kan wanda ke akwai. Gara ka fita ka sha iska, ko ka shaƙi hannun rigarka inda ba turare.

Cikin takardun, ɗauki biyu da suka fi kwanta maka. Ɗaya a tsintsiyar hannun dama, ɗaya a ta hagu, sannan ka bar shagon. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne gwajin. A mintuna goma sha biyar na farko lemu da aldihaid ne ke magana, kuma kusan kowane turare na da daɗi a nan. Bayan rabin awa zuwa awa guda furannin za su fito. Daga awa uku zuwa sama sai almiski da itace, su ne kuma za ka kwana da su a wuyan riga. Ka shaƙa a kowane mataki, ka lura da abu uku.

Na ɗaya, ko maiƙon aldihaid ɗin ya juya a fatarka. A jikin wasu, musamman in an yi gumi, yakan koma wani ɗan tsami-tsami kamar tsohon mai. Ba laifin kowa ba ne, amma in ka ji haka, wannan kwalbar ba taka ba ce.

Na biyu, ko ya hau maka kai. Wasu almiskan da dihydromyrcenol suna da wani kaifi da ke tsayawa a bayan hanci, ba ka jin sa a minti biyar na farko, sai bayan awa biyu ka ji goshinka ya yi nauyi.

Na uku ya fi ban mamaki: ko ya ɓace maka gaba ɗaya. Ƙwayoyin almiski manya ne, suna bakin iyakar abin da hancin ɗan Adam ke iya kamawa, kuma mutane da yawa akwai wani almiskin da sam ba sa jin sa, ko da yake suna jin wani. Shi ya sa masu haɗa turare ke zuba almiski iri uku ko huɗu a kwalba ɗaya, don kowa ya samu wanda zai kama. Sakamakon haka, za ka iya cewa turaren ya gudu bayan awa ɗaya, alhali wanda ke zaune kusa da kai ya ƙoshi da shi. Kafin ka yanke hukunci cewa ba ya daɗewa, miƙa hannunka ga mutum biyu ka tambaye su. In su suna ji kai ba ka ji, zaɓi ya rage gare ka: ko ka haƙura da turaren da wasu za su mora, ko ka nemi wanda neroli ko airis ya fi yawa a cikinsa. Abin da bai kamata ba shi ne ka ƙara fesawa har sai ka ji.

In akwai ƙaramar kwalbar gwaji ta mililita 1 ko 2, saye ta ka yi kwanaki da ita, ranar zafi da ranar sanyi, ranar zama da ranar zirga-zirga, kafin ka sayi babba.

Shafawa

Wannan salon ba ya rufe wari. Turare mai nauyi yana iya danne gumi na ɗan lokaci, mai ƙamshin sabulu kuwa tona shi yake yi, domin hanci na jin alkawarin wanka sannan ya ji akasinsa a ƙasa. Saboda haka a kan fata mai tsabta, busasshiya, ake sa shi. In fatarka mai bushewa ce, shafa mai marar ƙamshi tukuna, zai riƙe turaren ya ƙara daɗewa.

Fesa biyu zuwa uku sun isa: ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a bayan wuya, in ka so ɗaya a hannu. Na ƙirjin shi ya fi aiki, ɗumin jiki na tura shi a hankali ta wuyan riga, sai a ji kamar daga jikinka yake fitowa. Tun da waɗannan almiskan suna kama zare, fesa ɗaya a cikin riga daga nesa kaɗan zai kai har dare. Sai dai a gwada a ɓoyayyen gefe idan yadin fari ne ko siliki, kada ya bar tabo.

Ka kuma lissafa abin da ke jikinka tun kafin turaren. Omon da aka wanke rigar, ruwan tausasa tufafi, sabulun wanka, man gashi, abin hana warin hammata, kowannensu da nasa almiskin. In duk suna da ƙarfi, turaren zai nutse a cikinsu. Rage biyu daga ciki zuwa marasa ƙamshi, za ka ji bambanci fiye da in ka sayi kwalba mai tsada.

Ajiya kuwa gajeriyar magana ce. Aldihaid da man lemu suna cikin waɗanda iska da haske da zafi ke saurin lalatawa. A bar kwalbar cikin kwalinta a durowa, ban da banɗaki, ban da cikin mota, ban da bakin taga.

Ga mai son haɗa nasa

Ba sai kana da ɗakin gwaji ba, amma sai da sikeli mai auna har 0.01 na giram. Ƙirgen ɗigo ba ya aiki a nan, don ɗigon wani sinadarin ya fi na wani nauyi, kuma kuskuren ɗigo ɗaya na aldihaid ya isa ya ɓata kwalba. Kana buƙatar kwalaben gilashi masu duhu, bututun ɗiga na roba guda ga kowane sinadari, takardun gwaji, littafin rubutu, safar hannu, da itanol, wato sifirit na turare, mai ƙarfin kashi 95 ko 96. Ban da metanol, guba ne. Ban da sifirit ɗin goge rauni, warinsa ba ya barin ƙamshi. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta.

Kafin komai, tsarma aldihaid ɗinka: giram 1 a cikin giram 9 na itanol, ya zama kashi 10. Da wannan za ka yi aiki, ba da tsantsarsa ba. Sannan ka ɗauki kwana biyu kana shaƙar kowane sinadari shi kaɗai a takarda, a tsarme, kana rubuta abin da ka ji da kuma lokacin da ya ɓace. A nan za ka gano wane almiski ne hancinka ba ya kamawa.

Ga tsari mai sauƙi na kashi 100 da za a fara da shi. In ka ɗauki kowane kashi a matsayin giram 0.1, za ka samu giram 10:

Galaxolide, wanda aka tsarma rabi da rabi: 25
Ethylene brassylate: 15
Habanolide: 8
Hedione: 15
Man bagamot (wani irin lemu) da aka cire wa sinadarin bergapten: 8
Linalool: 6
Phenylethyl alcohol: 6
Dihydromyrcenol: 5
Hydroxycitronellal: 4
Man petitgrain (na ganyen lemun ɗaci), ko neroli in da hali: 3
Methyl ionone: 3
Aldihaid C-11 undecylenic mai kashi 10: 1
Aldihaid C-12 lauric mai kashi 10: 1

Ukun farko almiski ne, su ne ƙamshin tawul ɗin. Hedione yana buɗe haɗin ya ba shi iska, phenylethyl alcohol ɗan wardi ne, hydroxycitronellal shi ne muguet, methyl ionone kuma hodar. Ka lura aldihaid ɗin duka biyu, idan aka cire itanol ɗin da ke cikinsu, kashi 0.2 ne kacal na haɗin, kuma duk da haka su za ka fara ji.

Ɗora kwalba a sikeli, mayar da shi sifili, zuba almiskan tukuna, sannan sauran, kana mayar da sikelin sifili bayan kowanne. Rubuta abin da ya shiga da gaske, ba abin da ka yi niyya ba. Ka tsaya kafin aldihaid. Ɗebi giram 1 na haɗin ka zuba a giram 9 na itanol a wata kwalba, ka ajiye. Sannan ka sa aldihaid a sauran, ka sake ɗiban giram 1 a tsarma haka nan. Tsoma takarda a kowacce ka shaƙa su gefe da gefe. Ta farko fure ne mai laushi a kan wankakken yadi. Ta biyu sabulu ce. Babu bayanin da zai koya maka aikin aldihaid kamar waɗannan takardu biyu.

Rufe kwalaben ka ajiye a duhu sati biyu zuwa huɗu. A ranar farko haɗin zai yi kaushi, sifirit na gaba, kowane sinadari na jan nasa. Bayan sati biyu za su zauna. Sai a lokacin za ka gyara, kuma abu ɗaya a kowane zagaye. In ya yi kama da ruwan goge tayil, rage dihydromyrcenol zuwa 2. In ya yi kakin kyandir, rage aldihaid zuwa rabi. In ya yi lami ba armashi, ƙara petitgrain ko ɗan man labanda. In kana son ya matso kusa da fata ya bar igiyar shanya, kashi 2 ko 3 na almiskin Ambrettolide ko na sandal zai kawo ɗumi. Turarukan tsabta da suka fi daɗi kusan duk suna da irin wannan ɗan ɗumin a ƙasa, in babu shi ƙamshin na kaya ne, ba na mutum ba.

Maganar lafiya ba a wasa da ita. Man bagamot na asali yana da bergapten, wanda ke ƙona fata ya bar baƙin tabo in rana ta same shi, shi ya sa aka ce a nemi wanda aka cire masa. Hydroxycitronellal da linalool da ya tsufa suna sa wa wasu ƙaiƙayi. IFRA, ƙungiyar masana'antun turare ta duniya, tana wallafa iyakar da aka yarda a sa na kowane sinadari mai irin wannan matsala, a duba kafin a ƙara yawan wani abu ko a ɗaga ƙarfin haɗin sama da kashi 10. In ka ci karo da tsohon tsari mai kiran Lilial ko Lyral, ka tsallake su: Tarayyar Turai ta fitar da Lyral daga kayan kwalliya a 2021, Lilial kuma a 2022. Kafin ka fesa a wuya, shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu, ka bar shi kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, wanke da sabulu, ka koma littafinka ka cire waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, ka fara da hydroxycitronellal.